Kakin da Inna Ta Juya

Jiya jikata ta jefa riga a kwandon shara don zif ya lalace. Zif kawai! Na ce ta ɗauko, ta ce, "Haba Kaka, wa yake gyaran riga yanzu? Gobe in hau zemijan, babur ɗin haya, in je kasuwar Arzeke, ga gwanjo nan tuli, sai wadda na zaɓa." Ni na tsamo rigar da kaina na wanke, tana nan ƙarƙashin matashina, ina jiran ranar da idona ya yi dama-dama in farke ta. Dariya suke yi mini a gidan nan, wai tsohuwa mai tara tsumma. Su yi ta yi. Wanda bai taɓa rasa ƙyalle ba ina zai san ƙyalle dukiya ne? Mu da muka tashi a unguwar Ganu ta Paraku zamanin rebolisiyon, wato juyin juya hali, lokacin da ake layi tun hantsi a kantin gwamnati a dawo hannu rabbana, mun san abin da yadi yake.

A gidanmu zane ba ya mutuwa da wuri. Yana farawa zanen fita, na biki da suna. In ya koɗe ya koma na zaman gida. In tsakiyarsa ta yi laushi sai a raba shi biyu, a haɗa gefe da gefe su dawo tsakiya, ya sake wata shekarar. Daga nan rigar yara, daga nan majanyi, daga nan gammon ɗaukar ruwa, sai tsumman sauke tukunya, ƙarshensa a murza shi a yi lagwanin fitila. Ko zaren da aka farke ba a yarwa, a jikin tsinke ake naɗe shi. Kakata ta wajen uba, da muke kira Iya, ita ce uwar wannan aiki. Mutuniyar Jugu ce, ta biyo babana Paraku don ta ce ba ta iya zama nesa da autanta. Idonta ya riga ya fara hazo, amma yatsunta sun fi idon mutum goma. Mahonta in ka duba ta fuskar tufa ba ka ganinsa. Ta ciki take ɓoye ƙullinta, zare uku a giciye kamar sawun kaza. Ni ce mai zura mata zare a allura, ni ce mai miƙo reza, ni ce mai shan zagi. "Ke uwar garaje," haka take ce mini, "da tsohuwar zuma ake magani, bi a hankali kada ki huda mini zane." Har yau in na rufe ido ina jin la'asar ɗin gidan: jiniyar jirgin ƙasa daga tasharsa da muke kira Gar, turmin sakwara a maƙwabta, rediyon wani yana ta waƙoƙin juyin juya hali, da ƙarar rezar Iya tana cin zare ɗaya bayan ɗaya.

Ni ce 'yar fari, don haka Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take cewa, ko "yarinyar nan". Ba ta yaba mini, ba ta zama kusa da ni a gaban mutane, in na faɗi ba ita ke ɗaga ni ba. 'Yan yanzu da ke rungume 'ya'yansu a titi suna kiransu sheri, wai abin ƙauna da Faransanci, ba za su gane wannan kunyar ba, kuma ban ce tasu ba ta da kyau ba. Babana ne mai nuna ni. Direban kamyo ne, babbar motar kaya, ƙaton mutum, yana ɗaukar kayan da jirgi ya sauke a Gar ya yi arewa da su. Shi ya sa ni lekol, duk da Iya ta ce makarantar da ake kiran malami kamarad, ake ba yara fartanya maimakon allo, ba makaranta ba ce. Ranar da na ci sartifika aka ce na samu shiga kolej, zagaya tasha ya yi da ni yana gaya wa direbobi, "Wannan sai ta zama mai duba takardunku a shinge, ku fara gaishe ta tun yanzu."

Bai ga shigata ba. Da damina motarsa ta kife a hanyar arewa, a can aka binne shi, labari kawai ya iso mana. Iya ta tattara duk abin da ya mallaka ta zuba a adaka, ta kulle, ta rataya makulli a wuyanta. Ta ce ba mai taɓa ko maɓalli sai yayansa, Baffa, ya zo daga Jugu an raba gado, don kayan mamaci ba a sa musu almakashi kafin rabo, haƙƙin marayu ne. Baffa kuwa ya aiko cewa a yi haƙuri, hanya duk shinge, kuma 'yan kwamitin rebolisiyon na unguwarsu sun sa wa shagonsa ido, in ya rufe ya tafi za a ce ɓoye kaya yake. Inna ta shiga takaba. Zane ɗaya tsoho, ba kwalli ba lalle, ba fita ko bakin zaure, muryarta ma ta koma ƙasa-ƙasa. Ita da take kai ƙuli da man gyaɗa kasuwa kullum, sai ga ta daga ɗaki sai madafa, da ƙanena a baya. Gidan ya yi mana kaɗan. Ina kallonta wani lokacin ta tsaya tsakar gida ta ɗaga kai tana kallon sama, don sama ce kaɗai wajen da ya rage mata.

Aka koma lekol, ni ba kaki. A zamanin nan ɗan attajiri da ɗan mai tura kura duk kaki suke sawa, kuma ba a ɗaga wa kowa ƙafa. Nawa na firamare ya matse ni, ya sha maho har ba wurin sa wani. Na je ranar farko da atamfa, mai gadin ƙofa ya ce, "Kamarad, biki kika zo?" Yara suka kwashe da dariya, na juyo gida. Na sake komawa, aka sake koro ni, aka ce in wata ya ƙare ban zo da kaki ba za a ba wata gurbina. Kullum da safe sai in ji su suna wucewa ta bayan katangarmu, suna rera waƙa, fartanyu na ƙara a kafaɗa, ni ina tsugune ina zura wa Iya zare. Ba zan ɓoye ba, baƙin ciki kamar ya kashe ni. Iya ko a jikinta. "Allah ya hutar da ke," in ji ta.

Ana nan sai abokan aikin babana na Gar suka aiko wata maƙwabciya da ƙunshi, kayansa na aiki da ya bari a tasha: wandunan kaki biyu da babbar taguwa. Iya tana barcin azahar, Inna ce ta karɓa. Ta kwance, ta daɗe tana kallo, ba ta yi kuka ba. Ta san hukuncinsu, adaka ce wurinsu. Sai ta tura ƙunshin ƙarƙashin gado, ta ce mini ba tare da ta dube ni ba, "Ke, samo mini reza mai kaifi."

Kullum Iya ta kwanta bayan azahar sai mu ja labule. Ni ina farkewa, Inna tana shimfiɗawa tana gwadawa da taƙi da igiya. Kakin ya sha rana, ya koɗe, ga tabon baƙin mai a gwiwa da aljihu, wanda duk Ganu an san na wane ne. Dabarar da kowace mace ta sani ita Inna ta yi: ta juya yadin, ciki ya koma waje. Cikin kaki ba ya ganin rana, launinsa na nan kamar sabo. Ta kauce wa tabo, ta haɗa ƙafafun wando suka ba da siket, taguwa ta ba da sama, ta haɗe su riga guda. Wuri ɗaya ne ya gagara, wani maho a bayan kafaɗa da Iya ta taɓa yi wa babana lokacin da ƙusa ta kama shi. Ba yadda za a fitar da bayan riga ba tare da shi ba, sai Inna ta tura shi can ƙarƙashin kwala. Ba mu da keken ɗinki, da hannu ta ɗinke ta tas, ɗinki ƙanana kamar na tela, yawanci ma ina wajen ɗiban ruwa take yi. Da ta gama ta goge da dutsen guga na gawayi, ta ce in sa. Na sa, na juya. Ta ce, "To, ba laifi." A bakin Inna wannan kirari ne.

Da safe na durƙusa na gaida Iya. Ta ƙanƙance ido ta ce, "Ina aka samo kaki?" Inna daga madafa ta ce, "Allah ne ya kawo, Iya." Iya ta ce, "Shi ne mai kawowa," ta ci gaba da jan carbinta. Na fita da gudu. Wayyo, daɗin kwanakin nan! Benci na kaina, littafi mai warin sabo, mushenmu, wato malaminmu na lissafi, da ya ce kaina yana ja. Har noman gonar lekol daɗi yake mini, don a waje nake, iska tana duka na. In na dawo sai in tsaya bakin madafa in yi ta zuba labari kamar da ƙanena nake, Inna tana tuƙi kamar ba ta ji, amma ba ta taɓa cewa in yi shiru ba.

Ban cika wata ba. Wata safiya ƙafar Iya ta riƙe, ta ce in zo ta dafa ni ta tashi. Ta ɗora hannu a bayan wuyana, ta yunƙura, sai na ji ta tsaya. Yatsunta suka shiga ƙarƙashin kwalar, suka tafi, suka dawo. Mun juya yadi don mu ɓoye wa ido, mun manta Iya ba da ido take gani ba, kuma juyawar ce ta fito da ƙullinta waje. Ta koma ta zauna. Ta ce a hankali, "Wannan hannuna ne." Sai ta ɗaga murya, muryar da ban taɓa ji ba, "Ke! Fito nan. Ɗana ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba kika sa masa almakashi?" Inna ta fito ta durƙusa, kanta a ƙasa. "Iya, ki yi haƙuri. Za su ba wata gurbinta ne." Iya ta ce, "Su ba ta mana! Ni ko gawarsa ban gani ba, rigar da zan shinshina in ji shi kin yayyanka, kin sa tana yawo a titi ana kiranta kamarad." Kuka take yi, hannunta bai saki kwalar ba. A lokacin haushinta na ji. Yanzu da na binne nawa ɗan, na san abin da yatsun nan suka taɓa. Ta sa na tuɓe a nan tsakar gida, ta ninke rigar ta jefa adaka ta kulle, ta aika wani direba ya gaya wa Baffa ko shagon zai ƙone ya zo.

Kwanakin jiran nan su ne mafi tsawo a rayuwata. Ba mai magana da wani. Ana haka sai ga mushenmu ya yi sallama a zaure, ya zo jin abin da ya hana ni zuwa. Mai takaba ba ta fita gaban namiji, don haka Iya ce ta dogara sanda ta je. Ni da Inna muna bayan labule muna ji. Ya ce, "Kamarad Iya, yarinyar nan tana da kai. In wani ne ya hana ta, a gaya mini, kwamiti zai shigo maganar." Iya ta ce, "Ba ta da lafiya." Ya ɗaga murya yadda za a ji a ciki, "Uwarta fa? Ita ma haka ta ce?" Na dubi Inna. Kalma ɗaya ta isa. Amma duk mun san abin da kwamiti ke yi wa tsofaffin da aka ce suna riƙe da tsohon zamani, mun ga an zaunar da wata a rana a dandali yara suna yi mata ihu. In ta buɗe baki, a ja uwar mijinta dandali, mijin ko wata huɗu bai yi da rasuwa ba. In ta yi shiru, karatuna ya tafi. Ga kuma kunyar 'yar fari, wadda uwa ba ta tsaya mata a gaban dangin uba. Gaba kura, baya siyaki. Na ga ta kama bakin labulen ta murɗe shi a hannu. Mushe ya jira, ya jira, ya ce to Allah ya ƙara sauƙi, muka ji tashin kekensa.

Baffa ya zo da malami aka buɗe adaka. Ba mugun mutum ba ne Baffa, mutum ne mai tsoro, tsoron kwamiti da tsoron uwarsa. Aka yi rabo, rigar ta faɗo a kasona, malam ya ce tunda an riga an yanka, Allah ya yafe. Na ɗauka shi ke nan. Sai Iya ta ce ita ta gama zaman Paraku, Jugu za ta koma, kuma da 'yar ɗanta za ta tafi, don ba ta barin jininsa a hannun da bai san girman mamaci ba, kuma wa zai zura mata zare? Baffa ya ce wa labule, don Inna na bayansa, "Ki kwantar da hankalinki, a Jugu ma akwai kolej." Inna ta ce, "To, Yaya." Ranar tafiya ta raka ni iyakar inda takaba ta yarda, tsakiyar gida. Ta gyara mini ɗaurin ƙunshina, ta ce, "Ke, ki riƙa jin magana." Na so ta riƙe ni, wallahi na so, amma ba ta riƙe ni ba.

A Jugu akwai kolej, gaskiyar Baffa. Ina wucewa ta gabansa in an aike ni niƙa. Da farko aka ce sai takarduna sun zo daga Paraku. Sannan aka ce shekara ta yi nisa, a bari sabuwa. Idon Iya kuwa ya ƙarasa rufewa, na zama idonta da sandarta, kuma duk tsumman babban gidan nan ya dawo kaina: mahon wandunan yara, rigunan matashi, shimfiɗar jarirai daga tsofaffin zannuwa, labulen ƙyalle-ƙyalle da matar Baffa take sayarwa. Hannuna ya faɗa, har daga wasu gidaje ake kawowa, kuma kowane yabo da aka yi wa ɗinkina ƙara ɗaure ni yake a tabarmar nan. Inna ta fita takaba, danginta suka mai da ita Gaya, daga baya ta yi wani auren. Rigar tana ƙasan ƙunshina. Lokaci-lokaci ina fito da ita in kara a jikina in ga ko ta fara yi mini kaɗan.

Da aka zo komawa lekol, 'yan kwamiti suka bi gidajen 'yan kasuwa, kowane gida sai ya nuna yaron da ya sa. Na yi murna, na ce ranata ta zo. Baffa ya yi shawara da uwarsa a ɗaki, ya fito bai dube ni ba. 'Yarsa ƙarama aka rubuta, wadda ko wanke allonta ba ta iya ba. Da hantsi matar Baffa ta same ni a tabarma kusa da Iya, ta ce, "Kakin nan naki da ke ajiye, asu zai cinye shi a banza. Rage wa ƙanwarki mana, ai ke ce gwanar." Na dubi Iya. Ta ce, "An raba gado, yanzu ya halatta."

Na ɗauko reza na fara da kalmasar ƙasa. Na sha jin nauyinta tana bugun ƙwaurina a hanyar lekol, na ɗauka nauyin kaki ne. Da na farke, sai yadi ya sauko, kuma a ƙarƙashinsa ga wata kalmasar da nata ɗinkin. Na farke ta, ga wata. Kowace an kama ta daban, yadda za a saki ɗaya a bar saura. Na duba gefuna, nan ma haka, an ninke yadi a ciki wajen ƙirji da ƙugu, inda jikin yarinya yake buɗewa. Da na sake su duka na ɗaga rigar, ba ta yarinya ba ce, rigar cikakkiyar budurwa ce, irin manyan da nake gani suna fitowa daga ajin ƙarshe. Matar Baffa ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! Uwarki ta iya ɓarnar yadi." Iya ta ce, "Miƙo nan." Ta bi layukan ɗinkin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, tun daga sama har ƙasa, ta sake bi. Ta daɗe. Sannan ta ce, kamar ba da ni take ba, "Ashe har can ta so ki kai." Na jira ta ƙara wata magana. Na rantse da ta ce a mayar da ni lekol, da an mayar, don ba mai tsallake maganarta a gidan. Sai ta lalubo hannuna ta riƙe gam, riƙon wanda yake tsoron a bar shi cikin duhu, ta ajiye mini rigar a cinya, ta juya fuska bango.

Matar Baffa ta kira 'yarta ta tsaya, na gwada, na sa alama da gawayi. Na sa almakashi na yanke. Abin da ya fita daga ƙasan rigar ya isa jakar littattafai, ni na ɗinka mata ita, har da maɓalli.